Ta Ce Kada Mai Taurari Shi Zo

Isa, ƙarshen Satumba 2021

Zuwa ga bawana, fitilar zuriya, shehin malamin sama, Jabir na ƙasar Indiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, gwargwadon lafiyar da ta rage a gari. Ruƙayyatu uwargidana da yara suna gaishe ka. Kumburin ƙafata ya sace, ciwon baya ne dai ya yi zaman dirshan.

Kafin komai in yi maka barka. Ibrahima direba ya nuna mini hoton aikinka da ka sa a waya: baƙin allo da ɗige-ɗigen shuɗi, kamar kaji sun taka shuni sun bi ta kan baƙar tabarma. An ce shekara huɗu kana kan wanga aiki. Madalla. Kaf ƙasar Gobir ba a taɓa yin mai zurfin ilimi irin naka ba. 'Ya'yan wasu sun karanta likita, suna can suna fama da majina da gudawa. Wasu sun karanta noma, ƙasa duk ta ɓata musu tufafi. Kai kuwa Allah ya yi maka basira, ka zaɓi abin da ba shi jin yunwa, ba shi tari, kuma ba a kora shi daji. Har an ce ba kowane tauraro kake kulawa ba, sai tsofaffi. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, don muna da tsohuwa guda nan ƙasa, in kana da sarari.

Kada ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannu. An kashe layukan waya duk yankinmu saboda mutanen daji, an hana hawan mashin, an rufe kasuwannin mako. Ni da nake kai wake da tattasai Maraɗi in dawo da dabino, yanzu sai gadin benci. Ibrahima za shi kai takardar nan Sakkwato, shi ɗauki hotonta shi tura maka. Amsarka kuma shi buga ta a takarda shi kawo. Mun koma zamanin kakanninmu, sai dai su hanyarsu ta fi tamu lafiya.

Ga maganar. Gwaggo Tasalla, mahaifiyarka, har yanzu tana Tungar Maje, can bayan Gatawa. Rabin gidajen sun tashi. Ƙanwarka Sadiƙa da mijinta sun tsallaka Nijar, sun yi sun yi ta bi su, ta ƙi. Na hau keke da tumbina, na tahi da kaina, na ce ta zo Isa, Ruƙayyatu ta share mata ɗaki. Ta ce sai an yanke gero. Na ce masu zuwa ba su jiran gero. Ta ce ai ita ma ba su take jira ba.

Na ce za ni rubuta maka. Ka san ta, da anka ambaci sunanka sai ta kau da kai kamar an watsa mata ruwa. Ta ce, "Mai taurari? Mi ya haɗa shi da gerona?"

Ni dangin nesa ne. Kakana da kakanka na wajen uwa ne sunka haɗa uba, abin da ya rage tsakaninmu sai wasan taubasai da zumuncin ƙafa. Zancena wajen Gwaggo kamar zancen dillali ne, ana saurare ana dariya. Kai ne ɗanta. Ka duba mana, ko cikin dogon madubin naka ana hango Tungar Maje.

Ubangidanka,
Ɗanmusa

Bangalor, tsakiyar Oktoba 2021

Zuwa ga Yaya Ɗanmusa, mai kiran mutane bayi alhali keke yake hawa.

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarka, na gode Allah da jin kuna lafiya. Allah ya sawwaƙe ciwon baya, ya rage tumbi. Ni lafiyata lau, sai murar da ruwan nan ya sa mini, da shinkafar da ta gundure ni. A gaida Yaya Ruƙayyatu, a ce na gode da ɗakin da ta share.

Tun da aka yanke layi nake buga lambar maƙwabcin Inna, ina jin muryar na'ura tana ce mini a sake gwadawa. Ban san halin da ake ciki ba sai da na ga rubutunka. A tsaye na karanta shi.

Tun da ka yi wa hotona dariya, bari in gaya maka ko mene ne, don ka san abin da ya riƙe ni. Akwai wurare a sama inda taurari dubu ɗaruruwa suka dunƙule wuri guda kamar curin fura. Tare aka haife su, tare suka tsufa, sun girmi rana nesa ba kusa ba. Tauraro in ya tsufa yakan kumbura ya yi ja, sannan ya zubar da rigunansa na waje, ya rage ƙarami mai tsananin zafi. Mafi yawan hasken da irin wannan yake fitarwa ido ba ya ganinsa. Yana gaba da shuɗi, dangin hasken nan ne mai ƙona fatar zabiya in ya daɗe a rana. Iskar duniya tana tare shi, shi ya sa na'urar da muke aiki da ita tana can sama tana kewaya duniya.

In ka dubi curin da madubin hange na yau da kullum, tsakiyarsa cunkoso ne kamar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ba ka tantance kowa. In ka dube shi da wancan hasken, sai taron ya dushe, tsofaffin nan masu zafi su fito ɗaya-ɗaya. Su ne ɗige-ɗigen kajin naka. Ni ƙirga su nake, ina neman sanin abin da ya sa wasu suka zubar da riguna fiye da wasu, alhali tare suka taso.

Na'urar guda ce, masu nema da yawa. Na fi shekara ina layi, sai yanzu aka ba ni lokaci a watan Disamba. In ya wuce, curin nawa zai koma ta gefen rana, ba a juya na'urar wajen, sai wata shekara, ni kuma wa'adin karatuna Maris ne. Ga takardar izinin zamana tana hannun hukuma ana sabuntawa. In na fita yanzu, dawowa sai wani ikon Allah.

Ba uzuri nake jera maka ba. Ka koma ka tambaye ta. In Inna ta ce in zo, za ni zo, ko me za ni rasa. Amma ka rubuto mini abin da ta faɗa da bakinta, ban da gishirinka.

Ƙaninka, ba bawanka ba,
Jabir

Isa, ƙarshen Oktoba 2021

Zuwa ga Jabir mai ƙirgar tsofaffi.

Bayan sallama da gaisuwa, muna nan da rai. Autana ya yi zazzaɓi ya tashi. Allah shi raba ka da mura, shi haɗa ka da tuwo.

Na koma Tungar Maje kamar yadda ka umarta, ranka shi daɗe. Hanyar ta ƙara yin shiru. Makon jiya an kore awakin ƙauyen da ke gabansu, an kuma aiko wa mutanen Tunga da saƙon da ba za ni sa a takarda ba. Waɗanda sunka rage a Tunga, in ka haɗa haƙoransu duka ba su cika baki guda ba.

Na iske Gwaggo tana ɓarar wake a tsakar gida. Na ce, "Gwaggo, gero ya shiga rumbu. Sai tahiya."

Ta ce, "Dawa fa? Kai za ka zo ka yanke ta da wanga tumbi?"

Na ce, "Dawa ta fi rai?"

Ta ce, "Ran nawa ne ko naka?"

Sai na fito da takardarka na ce za ni karanta. Ta juya mini baya, ta ce in karanta wa akuya in ina so, ita aiki take. Na karanta wa akuya da ƙarfi. Da na zo inda tauraro ke zubar da riguna, ta ce, "Allah shi kyauta. Ashe tsufa ko a sama tonon asiri ne." Da na zo inda ka ce in ta ce ka zo za ka zo, sai hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Ya daɗe a tsaye.

Ta ce, "Ka ce wa wancan kada shi zo. Hanya ba ta da kyau. Shi yi abin da ya kai shi."

Na ce, "Gwaggo, haka za ni rubuta?"

Ta ce, "Da Larabci na faɗa?"

To, ga abin da ta ce da bakinta, babu gishiri. Yanzu ga gishirin, ka ci ko ka zubar.

Da za ni tashi ta miƙo mini ƙullin daddawa da kuka da yaji, ta ce ko akwai mai zuwa inda ba a iya miya ba. Sannan ta dubi akuyar, ba ni ba, ta ce, "Ko can ƙasar ana sanyi?" Kuma da na leƙa ɗakin nan na kusa da zaure, inda kake sauka, na ga an yi masa sabon daɓe. Wa ke daɓe ɗaki a garin da ake tashi?

Jabir, ka daɗe cikin masu faɗin abin da ke ransu kai tsaye, ka mance gida. Kai ɗan fari ne. Tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta taɓa dubanka ido cikin ido a gaban mutane ba. Ranar da kunka gama jami'a a Sakkwato ta rantse ba ta zuwa, sai ga ta mun tsinto ta bayan dalbejiyar bakin ƙofa, wai inuwa ta biyo. Macen da ta yi haka ita za ta buɗe baki ta ce ɗan fari shi zo? Ko wuta ce ke cin zanenta, cewa za ta yi kada ka taso. Ka tura ni tambayar da amsarta guda ce tun kafin a haife mu.

Kuma ba za ta tare gidana ba don na roƙa. In ni na ɗauko ta, ta zama 'yar gudun hijira a gidan dangin nesa. In kai ka zo, uwa ce ta bi ɗanta. Ba sai ka isa Tunga ba. Ka zo ko Isa ne, sauran aikin nawa ne.

Tsofaffinka na sama sun yi haƙurin shekaru ba adadi, za su ƙara na wata guda. Tamu ta ƙasa ban sani ba.

Ina jiran amsa a dawowar Ibrahima.

Ɗanmusa

Bangalor, farkon Nuwamba 2021

Yaya Ɗanmusa,

Salamu alaikum. Allah ya ƙara wa auta lafiya. Mura ta sake ni, barci ne ya ƙi.

Na karanta takardarka har na kusa haddace ta. Ka ce kunya ce. Wataƙila. Ban manta gida kamar yadda kake zato ba, na tuna dalbejiyar. Amma kai ma ka san in na sauka Isa, kafin in cire takalmi labari ya kai daji cewa ɗan Tasalla na ƙasar waje ya zo. Yau tsohuwa ce mai awaki biyu, ba wanda ya sa mata ido. Ranar da aka gan ni kusa da ita, ranar za ta zama abin nema. Inna ta san haka fiye da mu duka.

Don haka "kada ya zo" ɗin nan yana iya zama kunya, yana iya zama gaskiya tsagwaronta, kuma ko wanne ne abin da bakinta zai faɗa ke nan. A aikinmu, na'urar da ke ba ka amsa iri ɗaya ko abu yana nan ko ba ya nan, ba a gina komai a kanta. Daɓe kuwa, duk ƙarshen damina take yi wa ɗakin nan, ko ina gida ko ba na gida.

Na yi magana da malamata. Ta ce in tafi in ya zama dole, amma ba ta da ikon riƙe mini gurbi. Na zauna na auna, na kuma aunawa. Ba ni zuwa kafin Maris. Na rubuta shi, kuma ban ji daɗin ganinsa a rubuce ba.

Hasken da zai shigo na'urar a Disamba ya baro curin tun shekaru dubbai, tun ba a san za a yi wata ƙasa wai ita Gobir ba. An ba ni rana da watan da za ni karɓe shi. Labarin Tungar Maje kuwa sai Ibrahima ya sami mai.

Ka fitar da ita, Yaya. Kai ne mai sayar wa Buzu dabino. Ka yi duk dabarar da ka iya, na yarda tun yanzu. Daddawar kuma ka ajiye mini, kada ka cinye.

Jabir

Isa, ƙarshen Nuwamba 2021

Jabir,

Bayan sallama. Mu lafiya lau. Gwaggo tana tari, ƙafafunta sun kumbura, amma tana Isa. Ka fara da wannan, ka yi hamdala, sannan ka zauna ka karanta saura.

Takardarka ta makara. Motar Ibrahima ta kwanta a Sakkwato, da ta tashi kuma hanya ta ƙi biyuwa. Makonni ina zuwa tasha ina dawowa hannu biyu. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, na auna shirunka da mudun da na sani: mai saye in ya ji farashi ya yi shiru, bai ce a'a ba, to hannunsa na cikin aljihu. Na ce wanga yaro bai amsa ba don shina hanya. Mai zuwa mi za shi yi da takarda?

Ana haka labarin Tunga ya ƙara ɓaci. Na hau keke na tahi. Ban zauna ba, na ce, "Gwaggo, mai taurari ya taso. Jibi shina Isa. Ya rantse tun da kin ƙi fitowa, da ƙafarsa za shi iso Tunga, da jakarsa ta ƙasar waje, da rana tsaka." Rabin farko na yarda da shi sa'ad da nake faɗa. Rabi na biyu ni na ƙera shi a kan keke.

Ba ta zage ni ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta ajiye muciya, ta shige ɗaki, ta sako labule. Na ɗauki kekena. Na juyo gida ina cewa na yi asarar ƙarya mai kyau.

Washegari kafin la'asar aka zo aka ce in zo tasha. Ta roƙi wani maƙwabci ya fito da ita a amalanke har bakin titi, daga nan motar itace ta ɗauko ta, ita da ƙunshi guda da awakinta. Matar da ta ƙi tashi don ranta, ta bar dawarta tsaye a gona, ta nuna, saura yanka. Ba ta nemi gidana ba. Na iske ta tana bin motoci ɗaya bayan ɗaya, tana dafa taga tana leƙa fasinjoji.

Tana cewa, "Ba ku ɗauko Jabir ba? Jabiru, dogo, mai tabo a goshi. Ɗana ne. In kun gan shi ku ce kada shi wuce Isa, ga ni na zo."

Gaban 'yan kamasho, gaban masu shayi, gaban kowa. Ruƙayyatu da ta biyo ni ta kama baki. Ni da kunnena ya sha jin komai a kasuwa, ƙasa na duba. Ban san haka sunanka yake a bakinta ba. Tana jan ƙarshensa, kamar wadda ta daɗe tana faɗinsa inda ba mai ji.

Kashegari Ibrahima ya iso da takardarka. Takardar ta ba ni izinin abin da na riga na yi, ta kuma gaya mini ba ka zuwa.

Ka yi gaskiya, ba ta son ka taka hanyar nan. Ni ma na yi gaskiya. Har yanzu ban ga abin da gaskiyar tamu ta daɗa mana ba. Waɗanda sunka biyo bayanta sun ce Tunga yanzu ba kowa sai kaji.

Ga inda muke. Kullum da hantsi tana ɗaukar tabarma ta tahi tasha, ta zauna gefen mai ƙosai, duk motar Sakkwato sai ta miƙe. Abinci sai Ruƙayyatu ta yi da gaske. Na ce jirgi ne ya yi latti. Na ce takardu ne sunka riƙe ka a Kano. Na ce mura. Rumbun ƙaryata ya kusa ganin ƙasa, kasuwar da za ni sayo wata kuma a rufe take.

Jiya ta kira ni gefe, ta koma ba ta kama sunan. Ta ce, "Ɗanmusa, ko wancan ta Sabon Birni ya biyo, ya wuce Tunga bai san na fito ba? Ko an tare shi ne kuna ɓoye mini?" Ta ce in Jumma'a ta wuce ba ta gan ka ba, za ta koma ta duba da idonta.

In na ci gaba da ƙarya, za ta koma Tunga neman ka. In na faɗi gaskiya, ta san ta tsaya tsakiyar tasha ta kira sunan ɗan fari a banza, kuma duk Isa sun ji. Ka san ta. Ba za ta ƙara kwana garin da aka ji ta ba, dawa kuma na can tana jiranta. Na juya kayan nan ta kowane gefe, ban ga inda za ni kama ba.

Daddawarka na nan, ban taɓa ba.

Ni ne dai Ɗanmusa. Ibrahima ya tada mota shina mini oda, don haka abu guda ya rage. Ka ce hasken tsofaffinka ya yi shekaru dubbai a hanya, ga shi za shi iso, har an sa masa rana da wata. Madalla da mai cika alkawari. Gobe da hantsi Gwaggo za ta naɗe tabarmarta, ta tsaya bakin zaure, ta dube ni. Kai da kake Indiya nan kusa, wace rana za ni ce mata?